Tambaya da Amsa: Babbar Riga Ta Yi Kyau a Allo, Ta Karye a Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai koyon sassaƙa a kwamfuta da manhajar Blender. Na ƙera siffar wani dattijo mai ba da tatsuniya, sanye da babbar riga da rawani, domin wani ɗan fim na yara da muke shiryawa, kuma na kai a buga mini shi a injin buga siffa da tsawon santimita 17. A allo rigar ta yi kyau ƙwarai, har aikin askar da ke ƙirji ana gani. Amma da aka buga, bakin hannun rigar ya fito siriri ya karye, aikin ya ɓace, ninkin rigar kuma ya shafe. Mai injin ya ce laifin fayil ɗina ne. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai injin ya faɗi gaskiya, sai dai bai tsaya ya yi maka bayani ba. Allon kwamfuta yana nuna abin da ido zai gani ne kawai, shi kuwa injin ba ya buga komai sai abin da yake da jiki da kauri. Rigar da ka yi a Blender, idan ba ka ba ta kauri da hannunka ba, fata ce zalla wadda ba ta da ciki, aikin askar kuma mai yiwuwa hoto ne ka lulluɓa a kanta wanda yake yaudarar haske har ya zama kamar zare ya taso. Fayil ɗin STL, wato irin fayil ɗin da ake ajiye siffa a ciki domin bugu, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi tun 1987 kuma har yau da shi aka fi aikawa injin, ba ya ɗaukar launi ko hoton da aka lulluɓa. Abin da yake ɗauka shi ne tarin ƙananan alwatika da suka kewaye siffar. Duk abin da ba ya cikin waɗannan alwatika, injin bai san da zamansa ba.

Mu ɗan yi lissafi, domin a nan ne yawancin masu koyo suke tuntuɓe. Mutum mai tsawon santimita 170 idan aka mayar da shi santimita 17, an rage shi zuwa kashi ɗaya cikin goma. Ko da mun ce kaurin yadin rigarsa rabin milimita ne, a siffar da za a buga zai koma milimita 0.05, wato daidai kaurin shimfiɗa guda ɗaya a injin da ke aiki da ruwan rezin, ruwan roba da haske yake daskararwa, domin injin yana gina siffa ne shimfiɗa bisa shimfiɗa. Injin da ke narkar da zaren roba kuwa bakinsa yawanci milimita 0.4 ne, don haka ba zai iya zana abin da ya fi haka siranta da kyau ba. Ke nan dole ne rigar ta fi ta gaske kauri nesa ba kusa ba. Shawarata ita ce kada wani gefe da yake lilo shi kaɗai ya gaza milimita 1 a rezin, ko milimita 1.2 a zaren roba. Umarnin Solidify a Blender zai ba rigar kaurin, amma ka duba lungunan ninki bayan ka yi amfani da shi, domin a can ne fuskoki suke shiga cikin juna.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka daina ɗaukar rigar a matsayin tufar da aka sanya wa jiki. A abin da za a buga, jiki da riga dunƙule ɗaya ne. Ka cike duk sararin da ke tsakanin jikin dattijon da rigarsa, ka toshe ƙasan rigar tun daga gwiwa, ka bar siranta a bakin yadi kawai, inda ido yake auna kaurin tufa. Masassaƙan dutse sun daɗe da sanin wannan dabara. Mutum-mutumin nan mai fukafukai da aka tono a tsibirin Samotaras na ƙasar Girka, wanda yake gidan tarihi na Louvre a birnin Paris, an sassaƙa shi tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma mai kallo zai rantse iska ce take kaɗa tufar a jikinsa, alhali dutse ne mai nauyi. Zurfin ninki da kaifin baki ne suke yin wannan aikin. Idan ka gama, ka haɗe komai da umarnin Remesh ya zama jiki ɗaya rufaffe, kamar tulun da za a cika da ruwa bai yi yoyo ta ko'ina ba, sannan ka sa kayan binciken bugu na Blender su nuna maka inda aka bar ɓula ko inda bango ya yi siriri.

Sai batun ninkin da ka ce ya shafe, wanda a ganina nan ne ainihin gwanintar take. Manhajoji sun sauƙaƙa aikin sosai. Marvelous Designer, ta kamfanin CLO na Koriya ta Kudu, tana ba ka damar yanka yadi yadda tela yake yi, ka ɗinke shi, ka sake shi ya zubo a jikin siffar. Blender ta samu burushin tufa a fitowarta ta 2.83 a shekarar 2020, ZBrush, wata manhajar sassaƙa, ita ma ta ƙara nata tsarin a shekarar 2020 ɗin. Babbar riga tana da daɗin yi a irin wannan manhaja, tunda yankanta yawanci falle-falle ne masu kusurwa huɗu, kuma rabin sa'a a shagon tela zai koya maka inda ɗinki yake bi fiye da duk wani darasi na intanet. Ka yi gwajin zubin rigar a ainihin girman mutum, sai daga baya ka rage, domin manhajar tana lissafin nauyin yadi ne bisa girman da ka ba ta. Sai dai abin da ta fitar mafari ne kawai. Takan cika riga da ɗaruruwan ƙananan yamutsa marasa zurfi, waɗanda suke burgewa a allo amma da an rage su sau goma, an kuma shafa fenti, sai su haɗe su zama fili.

Saboda haka ka nemi wani ɗan'uwanka ya sa babbar riga ya tsaya yadda kake so dattijon ya tsaya, ka ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe biyu da la'asar, lokacin da rana take zuwa ta gefe tana fito da inuwa. Za ka lura cewa ninki ba ya tashi haka kawai: kowanne yana da inda ya rataya. Babbar riga a kafaɗu biyu take rataye, kuma idan mutum ya naɗe hannayenta ya aza a kafaɗa, yadin yana taruwa a can ya yi tudu, daga nan 'yan manyan layuka su gangara ƙasa suna buɗewa, ƙirji kuwa ya zauna shafal saboda nauyin aikin da taurinsa. Sabuwar shadda da ta sha bugu tana karyewa ne da faɗi da kaifi, har da layukan da ninkewa ta bari a jikinta, yayin da yadin da ya sha wanki yake kwanciya da laushi yana bin jiki. Ka zaɓi ɗaya tun farko, domin irin yadin da dattijon ya sa yana faɗa wa yara ko shi wane ne kafin ya buɗe baki. Daga nan ka riƙe manyan ninki biyar ko shida, ka zurfafa su fiye da yadda suke a hoton, ka goge mafi yawan ƙananan. Rawanin ma haka: dunƙule guda, a sassaƙa hawan kowane zagaye a kan na ƙasa da shi a fili.

Aikin askar kuma dole ya zama tudu na gaske a jikin rigar. Kada ka bi shi zare-zare, ba zai fito ba. Ka ɗauki manyan siffofin askar da kewayen wuya da aljihu, ka tayar da su kimanin milimita 0.3 zuwa 0.5, sauran ka bar wa fenti. Kafin ka sake biyan kuɗin buga dattijon gaba ɗaya, ka yanke ƙirjin kaɗai a buga maka shi, ka gani da idonka. Ka kuma faɗa wa mai injin tsawon da kake so da baki, domin STL ba ya rubuta ma'auni, manhajojin shirya bugu kuma suna ɗaukar lambobinsa a matsayin milimita, alhali Blender da mita take awo.

Tambaya: Ina so in sayi injin kaina domin buga ƙananan siffofi sanye da kayan gargajiya. Wanne ya fi dacewa da tufa, na rezin ko na zaren roba? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, idan ninkin tufa da adon ɗinki ne abin da kika fi so su fito, kuma siffofin ba su wuce tsawon tafin hannu ba, na rezin ya fi, saboda shimfiɗarsa ba ta cika nunawa a ido ba. Amma yana da sharuɗɗa waɗanda ba na so ki ɗauke su da wasa. Ɗanyen rezin yana cutar da fata, warinsa kuma ba na shaƙa ba ne, don haka sai da safar hannu da ɗaki mai iska wanda yara ba sa shiga. Ana wanke abin da aka buga da sinadarin isofurofil, sannan a gasa shi da hasken da ke daskarar da rezin, kuma hasken rana da ya shigo ta taga yana iya daskarar da wanda ke cikin kwanon injin. Siffa mai faɗin riga tana cin rezin da yawa, shi ya sa ake rarake cikinta a bar bango na kimanin milimita 2, a huda ƙofofi biyu a ƙasa domin ruwan da ya maƙale ya fita. Idan aka bar shi a ciki, siffar tana iya tsagewa daga baya.

Na zaren roba ya fi sauƙin sarrafawa kuma ya fi dacewa da manyan siffofi, amma layukansa suna bayyana a kan ninki, kuma duk gefen da ya karkata fiye da digiri 45 yana bukatar tokara, wato 'yan sandunan da injin yake bugawa su riƙe gefen, wadda take barin tabo idan an cire ta. A kowane injin kika zaɓa, ki kishingiɗar da siffar yadda tokarar za ta faɗa a baya ko a ƙarƙashin mayafi, ko ki raba kai da hannaye ki buga su daban sannan ki manna. Ki kuma tuna da zafin garinku: robar PLA, wadda aka fi sayarwa, tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin motar da aka rufe a rana yake iya kaiwa a bazara, robar PETG kuwa tana jurewa har wajen digiri 80. Bugu ɗaya yana ɗaukar sa'o'i da yawa, saboda haka ki sa kuɗin batir ko sola cikin lissafinki tun kafin ki sayi injin.