Gidan gilashi a rairayin Tawa, zai yiwu?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na ga hoton wani gida a hamadar Amurka, bangonsa duk gilashi, ga wani ƙaton dutse har cikin ɗaki. Ina da fili a nan Tawa, kuma raina ya biya. In gina irinsa?
Daga wani malamin makaranta, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Gidan Albert Frey ka gani, a Palm Springs ta Kalifoniya. Allah ya nufa na taka shi da ƙafata a wani watan Fabrairu, lokacin makon gine-ginen zamani da garin ke yi duk shekara. Frey mai zanen gine-gine ne ɗan Suwizalan da ya yi aiki a hannun shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier a Paris. Ya gama gidan a 1964 a jikin dutsen San Jacinto, kuma bai kai murabba'in mita 80 ba. Dutsen nan bai fasa shi ba, ya bar shi ya raba makwanci da falo.

Abin da ya tsayar da ni shi ne inuwa. Kafin ya sa harsashi sai da ya shekara yana lura da tafiyar rana a filin, sannan ya fitar da bakin rufin kwano daidai yadda ranar bazara ba za ta lashi gilashin ba, ta lokacin sanyi kuwa ta shigo. Shi da Richard Neutra, wanda ya zana gidan Kaufmann a 1946, suna cikin waɗanda suka ba garin salon da ake ta kwaikwayo har yau.

Gilashin dai ban ba ka shawara ba. Ka san Afrilun Tawa, zafi ya haura 40, ga ƙurar hunturu, ga kuɗin kuran in ka dogara da na'urar sanyaya ɗaki. Uwa uba, iyalinka suna buƙatar sutura da zaure. Mu ma an taɓa kawo mana irin wannan tunani: gidan alminiyom na Bafaranshe Jean Prouvé da aka kafa a Yamai a 1949, daga baya aka kwance shi aka mai da Faransa. Har yau abin na yi mini ciwo.

Kafin ka kira magini, je Dandaji, cikin jiharku, ka shiga masallacin da masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina da bulon ƙasa a 2018, da tsohon masallacin da suka mai da ɗakin karatu. Ka je da azahar, ka dafa bangon. In ka dawo, kafa sanda a filinka, ka riƙa zana inda inuwarta ke faɗawa safe da yamma, ka aiko mini mu duba tare.