Tambaya da Amsa: Wa Ya Mallaki Bugun Agogon RAM?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Wani ɗalibi da ya kawo mini gyara ya ce an shafe shekaru ana shari'a a Amurka a kan agogon da ke cikin RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke ajiye bayanai na ɗan lokaci yayin da take aiki, wai wani kamfani ya ce nasa ne. Ta yaya mutum zai mallaki bugun agogo? Na tambaya ne saboda ni ma na haɗa wata 'yar na'ura mai katse caji idan batirin sola ya cika, abokaina kuma sun matsa in yi mata rajista.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ɗalibin nan ya faɗa maka, sai dai ba agogon kansa aka yi rigima a kai ba.

Ɗauko RAM ɗaya daga cikin akwatin kayan gyaranka ka duba 'yar takardar da ke manne a jikinta. Idan irin wadda ake kira DDR3 ce mai lamba 1600, agogonta sau miliyan 800 yake bugawa a daƙiƙa ɗaya, amma sau biyu ake tura bayani a kowane bugu, da hawansa da saukarsa, shi ya ba da 1600 ɗin. In ka ga an rubuta CL11, bugu 11 ke nan take jira kafin ta miƙo abin da aka nema. Aikin kamar lugude ne: mata biyu a turmi ɗaya, in tabarya ɗaya ta yi jinkiri kaɗan sai su yi karo. Shi ya sa aka sanya wata 'yar da'ira mai suna DLL a cikin RAM, tana saita agogon ciki ya zo daidai da na waje.

Waɗannan dabaru ne kamfanin Rambus ya ce nasa ne. Mike Farmwald da Mark Horowitz suka kafa shi a 1990, a watan Afrilun shekarar kuma suka shigar da takardar neman mallakar ƙirƙirarsu. Daga baya kamfanin ya zauna a JEDEC, majalisar da masu ƙera RAM ke tsara ma'aunin da kowa zai bi, ya fice a 1996. Da duniya ta rungumi nau'o'in RAM na SDRAM da DDR da aka tsara a majalisar, sai ya fara maka kamfanoni a kotu a 2000, ya fara da Hitachi, sannan Infineon. Rigimar ta haɗa har da Hynix da Micron da Samsung.

Kariyar waɗanda aka kai ƙara ita ce: ai an san wannan tun kafin ku. A dokar mallakar ƙirƙira, duk abin da aka riga aka wallafa ko aka yi amfani da shi a bainar jama'a kafin ranar da ka shigar da takarda ba sabo ba ne, ba kuma naka ba ne. Dabarar sa bugu ya bi wani bugu tsohuwa ce, wani injiniya Bafaranshe, Henri de Bellescize, ya yi rubutu a kanta tun 1932. Amma kotu ba ta tsayawa a nan. Jimla-jimla take bin abin da mai takarda ya ce nasa ne, ta ce a kawo tsohon rubutu mai kwanan wata da ya nuna wannan haɗin a cikin ma'adanar kwamfuta, ko ya nuna cewa kowane gwani zai iya hango shi.

Ga inda gizo ke saƙa. Rambus ya riƙa gyara jimlolin takardunsa na baya-baya, alhali dukkansu suna cin gajiyar kwanan watan 1990. Don haka duk abin da aka tattauna a JEDEC bayan wannan ranar ba zai zama hujjar cewa an riga shi ba. Sai kamfanonin suka koma ga zargin ya yi gum a majalisa, bai faɗi cewa yana neman mallakar waɗannan dabaru ba, har aka gama ginin a filinsa. Wata kotu a Bajiniya ta kama shi da zamba a 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2003. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta same shi da laifi a 2006, wannan ma aka rushe a 2008. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya soke wata takardarsa a 2004. A ƙarshe sulhu aka yi: Samsung ya amince da biyan kusan dala miliyan 900 a 2010, Hynix da Micron suka sasanta a 2013. Ni dai a ganina injiniyoyin Rambus sun yi ƙirƙira ta gaske, amma shirun nan bai dace da amanar zama da abokan sana'a ba, ko da kotu ta wanke shi.

To, sai batun na'urarka. A Najeriya dokar 1970 ce ke aiki, ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, kariyar kuma shekara 20 ce daga ranar shigar da takarda, muddin ana biyan kuɗin shekara-shekara. Abin da nake so ka riƙe shi ne ofishin ba ya binciken ko abin sabo ne. Cikar takardu yake dubawa ya ba ka, duk wanda ya ga an riga ka kuma yana iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke.

Na'urar katse caji ta cika kasuwa, ka fi ni sani. Ka zauna ka rubuta abin da taka ke yi wanda na kasuwa ba sa yi, ka bincika a Google Patents ko wani ya riga ka. Kada ka ɗora bidiyonta a Facebook ko TikTok, kada kuma ka sayar wa kowa har sai ka shigar da takarda, domin bidiyonka na iya zama hujjar da za a kayar da kai da ita. Hukumar NOTAP, ta gwamnatin tarayya mai kula da bunƙasa fasaha, na taimaka wa masu ƙirƙira wajen rajista, ka tuntuɓe su da zanenka a hannu.