Amsa: ɓawon dankali da tarkacen kayan miya a cikin taki

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya ko ɓawon dankalin Turawa da sauran tarkacen kicin za su shiga takin da kike haɗa wa lambunki na tsakar gida, don an ce miki suna jawo wari da ɓeraye. Zuba abinki. Ɓawon dankali da na doya, ruɓaɓɓen tumatir, ganyen kabeji, karan alayyahu, ɓawon albasa, duk taki ne. Warin kuwa ba laifin ɓawon ba ne, ruwa ne ya yi masa yawa. In kika tara shi shi kaɗai sai ya dunƙule, iska ta kasa shiga, ya yi yauƙi, ya fara ɗoyi.

Maganinsa busasshen abu. Duk bokiti 1 na ɗanyen tarkace, ki sa masa bokiti 2 ko 3 na busasshen ganye, ɓawon gyaɗa, ko karan gero da aka daddatsa. Sharar darbejiyar ƙofar gida ma ta wadatar. Buntun shinkafa da garin katako suna yi, amma suna jinkirin ruɓewa, kada ki cika. Ki fara shimfiɗa busasshen a ƙasa, ki zuba ɗanyen, ki watsa kashin awaki ko na kaji cikin tafi 2, sannan ki sake rufewa da busasshe. Kada a bar ɗanye a fili, nan ƙuda ke samun wurin zama.

Ki damƙi takin ki matse. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunki, ya yi yawa, ƙara ganye. In ya wargaje kamar gari, yayyafa ruwa. A Kano wannan ne aikin: hunturu da zafin bazara suna busar da tsibi cikin ƴan kwanaki, ruɓewa ta tsaya cak, gara ta shigo. Ki ajiye shi a inuwa, ki lulluɓe da tsohon buhu. Da damina kuwa, musamman watan Agusta, sai a rufe samansa kada ya jiƙe sharkaf. Ki juya duk kwana 7 zuwa 10. Cikin wata 2 ko 3 zai yi baƙi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Shi dankali yana da halinsa. Ɓawo mai kauri da ido a jiki yakan tsiro a cikin tsibin, don haka ki yayyanka shi ƙanana, ko ki shanya kwana 2. Wanda kika sayo a kasuwar Yankaba kika tarar cikinsa ya yi baƙi ya ruɓe, shara za ki kai shi. Dankalin Turawa da tumatir da tattasai dangi ne, cutarsu kan zo ɗaya, kuma ƙaramin tsibin gida ba ya kai zafin digiri 55 da ke kashe ta. Ɓawon da ya yi kore kuwa ba ya cutar da taki, awaki ne bai kamata a ba su ba, akwai dafi a ciki.

Ɓeraye ba ɓawo suka fi bi ba. Ragowar tuwo, miya mai mai, nama, ƙashin kifi, su suka fi kiransu. Waɗannan da ruwan wanke-wanke mai sabulu kada su kusanci takin. Toka kuma cikin tafi 1 a kowace shimfiɗa ya isa.