Na'urar rubutun makafi zan saya wa 'yata, ko waya ta wadatar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata ta rasa ganinta tun tana shekara huɗu. Ta yi makarantar makafi ta Gindiri, ta gama sakandare, yanzu kuma ta sami gurbin karatu a Jami'ar Jos. 'Yan'uwa sun yi karo-karo domin a saya mata abin karatu. Wani dillali a Abuja ya ce in ba ta mallaki na'urar ɗaukar darasi ta Braille, wato rubutun makafi na ɗige-ɗige, ba, ba za ta kai labari a jami'a ba, kuma kuɗin da ya faɗa ya fi ƙarfin filin da na mallaka. Ƙanena kuma ya ce zamanin Braille ya wuce, waya mai magana ta wadatar, har ma ya ce ɗana ɗan shekara bakwai, wanda shi ma idonsa ya fara rauni, ba sai ya wahala da koyon ɗige-ɗige ba. Ina tsoron in zubar da kuɗin jama'a, ina kuma tsoron in cuci yarinyar. Mene ne gaskiya? Daga wani uba a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatunta, ya saka wa 'yan'uwan da suka taimaka. Kada ka sayar da fili, kada kuma ka biya dillalin a wannan makon. Maganarsa ta cewa ba za ta kai labari ba sai da wannan na'ura magana ce ta mai neman ciniki. Amma maganar ƙanenka ta fi tayar mini da hankali, kuma zan dawo kanta.

Na'urorin ɗaukar darasi, wato ƙananan kwamfutocin makafi da ake rubutu a kansu da Braille, sun yi zamaninsu, kuma sun yi shi da kyau. Lokacin da Braille 'n Speak ta fito a Amurka a 1987, sannan BrailleNote a 2000, ɗalibi makaho ya sami abin da zai rataya a kafaɗa ya shiga aji ya rubuta darasi shiru ba tare da ƙarar injin buga Braille na Perkins ba. Har yau suna da abin yabo: ana kunnawa ana fara rubutu, batirinsu yana jimrewa, kuma an ƙera komai a cikinsu domin yatsa. Abin da ya sauya shi ne kayan da kowa ke amfani da su sun koyi magana da makaho. Manhajar NVDA mai karanto abin da ke kan allo da murya, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006, kyauta ce a kan kwamfuta mai Windows. Apple ya sanya irinta mai suna VoiceOver a cikin iPhone a 2009, wayoyin Android kuma suna da TalkBack, kuma dukansu biyu suna ba mutum damar buga Braille a kan gilashin wayar da yatsu shida.

Matsalar na'urar ɗaukar darasi ita ce kasuwarta ƙarama ce, saboda haka tana da tsada kuma kullum tana biye a baya. BrailleNote Touch Plus ta fito a 2019 da Android 8.1, wanda ya riga ya fito tun ƙarshen 2017. BrailleSense 6 ta fito a 2021 da Android 10 na 2019. Wato ranar da aka fito da ita daga kwali manhajarta ta riga ta kwana biyu, alhali farashin irin waɗannan lokacin fitowarsu ya kama tsakanin dala 5,000 zuwa 6,000 kafin a yi maganar jigila da kwastan. Bayan 'yan shekaru sai ka ga wata manhajar banki ko shafin rajistar makaranta ya fara yi mata gardama, mai ita kuma ya koma aron wayar abokinsa.

Sannan akwai abin da takardar talla ba ta sani ba, wato hunturun Jos. Kowane gidan harafi a kan na'urar yana da tsinkaye takwas masu tashi da sauka, kuma ƙura ba ta da wurin shiga da ya fi mata waɗannan ramuka daɗi. Na taɓa zama da wani ɗalibina da ɗigo na uku ya maƙale a gida ɗaya na na'urarsa. Duk lokacin da harafin "l" ya faɗo wannan gida sai ya karanta "b", "k" kuma ya koma "a", har yaron ya fara zargin yatsunsa. Gyaran bai yiwu a nan ba. An tura ta ƙasar waje, ta yi kusan zango guda ba ta dawo ba, kuma da yake littattafansa da darussansa da saƙonninsa duka a cikinta suke, ya zauna hannu rabbana ana dab da jarrabawa.

Shi ya sa shawarar da nake ba iyaye yanzu ita ce a raba kayan gida uku: waya mai kyau, kwamfutar tafi-da-gidanka mai NVDA, da kuma layin Braille mai zaman kansa, wanda ake haɗawa da waya ko kwamfuta ta Bluetooth ko ta igiya, ya riƙa fito da abin da ke kan allo a ƙarƙashin yatsa. Orbit Reader 20, mai gidaje ashirin, bai kai dala 1,000 ba, kuma yana iya karanta littafi da ajiye gajeren rubutu a katin ajiya ko da ba a haɗa shi da komai ba. Masu gidaje arba'in irin su Focus 40 Blue da Mantis Q40 sun fi tsada, sun kuma fi daɗin dogon karatu. Hikimar ita ce layin ba ya tsufa da tsufan manhaja: idan wayar ta mutu a sauya waya, layin yana nan, idan layin ya tafi gyara, karatu bai tsaya ba. Ka kuma tuna cewa ranar da ta gama jami'a ta shiga wani ofis a Abuja, Word da Excel za a ajiye a gabanta kamar kowa, kuma gara ta saba da su tun yanzu. Wanda wata ƙungiya ta ba shi na'urar ɗaukar darasi kyauta tare da alkawarin gyara, ya karɓa ya gode, domin ba ta zama shara ba. Wanda zai biya da gumin dangi ne nake cewa ya dakata.

To, mu dawo kan ƙanenka. Ya ji an ce wata na'ura tana fita daga yayi, sai ya ɗauka rubutun kansa ne ya mutu. Wannan magana ina jin ta kusan kowace rana, daga iyaye, daga shugabannin makarantu, har daga mutanen da ake biya albashi domin su san akasin haka, kuma ban san wata magana da ta fi ta yi wa yaran makafi ɓarna a wannan zamani ba. Saurare ba karatu ba ne. Dukanmu mun san dattijon da ya yi shekara arba'in rediyo na maƙale a kunnensa, ya san siyasar duniya fiye da ni da kai, amma in zai aika wasiƙa sai ya nemi mai rubuta masa. Ba wanda zai ce a cire ɗa mai gani daga aji a ba shi rediyo, a ce alƙalami ya tsufa. Me ya sa da aka zo kan makaho maganar ta zama wayewa?

Yaron da ya taso da murya kaɗai ya san sautin kalma, bai san surarta ba. Bai taɓa taɓa bambancin "baki" da "baƙi" ba, ko "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari", kuma muryoyin Turancin da yawancin yaranmu ke amfani da su suna tauna Hausa su tofar, ba ruwansu da lanƙwasar harafi. A Turanci abin ya fi muni, domin kalmomi da yawa sautinsu ɗaya ne amma rubutunsu daban. Bai san inda waƙafi ke zama ba, bai san yadda sakin layi yake ba, bai san cewa sunan gari da babban baƙi ake fara shi ba. Na karanta takardun neman aiki na samari masu kaifin basira, waɗanda in suna magana sai ka rantse lauyoyi ne, amma rubutun ba aya ba waƙafi daga sama har ƙasa, kuma mai ɗaukar aiki ba zai ce makarantarsa ce ta cuce shi ba, cewa zai yi makaho ne, dama me ake tsammani. Lissafi kuwa ba a maganarsa. Ka rufe ido a karanto maka dogon lissafi mai sama da ƙasa da baka biyu, ka gani ko za ka riƙe shi har ka warware.

Akwai kuma abin da mai gani ba ya tunawa: kunne ɗaya ne ke yi wa makaho aikin ido da na kunne. Idan malami yana bayani a gaban aji, waya kuma tana zuba a kunnen yarinya, dole ɗaya ya tafi a banza. Idan aka ce ta tashi ta gabatar da takarda, ko ta karanta jawabi a taro, mai Braille tana karantawa da yatsa tana magana da bakinta fuskarta na kallon jama'a, mai murya kuwa sai ta saurara ta maimaita, ta saurara ta maimaita. Haka mai tilawa da Alƙur'anin Braille yana bin wasali da yatsansa, ba ya jiran a biya masa. Wanda kuma ya haɗa rashin gani da rashin ji, in aka ɗauke masa Braille an rufe masa ƙofar ƙarshe. Hausawa suka ce gani ya kori ji, kuma ganin makaho a kan yatsunsa yake.

Wannan raini ba yau ya fara ba. Louis Braille ya tsara rubutunsa a 1824 yana ɗan shekara goma sha biyar, ya wallafa shi a 1829, amma makarantar da ya koyar a Faris ba ta amince da shi a hukumance ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa, saboda masu gani ne ke yanke hukunci. Da kaset ya zo aka ce Braille ya ƙare. Yanzu waya ce. Kuma in ka bi diddigi, mai yaɗa maganar sau da yawa yana da abin da yake gudu: takardar Braille tana da tsada, malamin Braille yana buƙatar albashi, injin bugawa yana buƙatar gyara, alhali raba wayoyi goma a gaban 'yan jarida aikin yini ɗaya ne. An sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, an kafa hukumarsu ta ƙasa a Abuja a 2020, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta sauƙaƙa wa makafi samun littattafai tun 2017, duk da haka ɗalibi yana iya gama zango littafin darasinsa bai zo a siffar da zai karanta ba. Na taɓa shiga ɗakin ajiya na wata ma'aikata na tarar da na'urorin ɗaukar darasi a jere cikin ledarsu, ɗan kwangila ya kawo tsofaffin yayi, ba a koya wa kowa amfani da su ba, batiransu sun mutu a kwance, ana jiran sa hannun wani babba da ke taro.

Game da ƙaramin yaronka, Alhaji, ka kai shi wurin likitan ido na gaskiya a asibiti tun da wuri, musamman da yake yayarsa ta rasa nata ganin tana ƙarama, kuma ka nisanta shi da masu tallar ruwan ɗiga a ido a tasha da bakin masallaci. Idan likita ya ce ganin zai ci gaba da raguwa, a fara koya masa Braille yanzu tare da rubutun boko na masu gani, ba sai ranar da ya daina gani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yatsan yaro ya fi na babba saurin gane ɗigo. Allo da tsinken huda takarda sun ishe shi farawa, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Makarantar Gindiri tana wannan aiki tun 1953, ga kuma malami a cikin gidanka, wato yayarsa.

Kafin ka ba kowane dillali kuɗi, ko na layin Braille ne, ka tambaye shi shekarar da aka ƙera kayan, wa zai gyara idan tsinke ya maƙale, a wane gari, cikin mako nawa, kuma ya rubuta amsar a takarda ya sa hannu. Ka tafi da 'yarka ta taɓa da hannunta, ta karanta shafi biyu ko uku, domin tsinkayen wani layin sun fi na wani kaifi da ƙara, kuma ita ce za ta zauna da shi shekara huɗu ko biyar. Ta tuntuɓi sashen ilimin masu buƙata ta musamman na jami'ar da ɗaliban da suka riga ta, ta ji abin da suke amfani da shi a ɗakin lacca da na jarrabawa. Idan an saya, ta riƙa rufe shi a jakarsa duk lokacin hunturu, ta wanke hannu bayan cin abin da ke da mai kafin ta taɓa shi, allonta da tsinkenta kuma su zauna a ƙasan jaka saboda ranar da aka kwana uku babu wuta.