Na mayar da faifan CD zuwa FLAC, amma sautin bai gamsar da ni ba

Tambaya: Malam, na gaji wasu faifan CD daga mahaifina, masu tarin waƙoƙin rok na Ingila da Amurka na shekarun 1960 da 1970. Na kwafe su zuwa FLAC, wani tsarin adana sauti a kwamfuta, don an ce ba ya rage komai, amma wasu sautinsu siriri ne, wasu har soka kunne suke yi. Laifin kwamfutata ne?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, da wuya laifin kwamfutarka ne. FLAC ɗan amana ne, abin da ke cikin faifan shi yake miƙo maka, ba ragi ba ƙari. In faifan ya zo da aibu, da aibunsa zai adana shi.

Faifan tarin waƙoƙi kuwa sukan zo da irin wannan aibu. Kamfanin da ke tattaro waƙoƙin mawaƙa daban-daban ba kullum yake samun asalin tef ɗin sitidiyo ba, kwafin kwafi ake aiko masa, kuma kowane kwafi yana ƙara wannan "shuuu" na tef. Sai injiniya ya sa na'urar goge shi, ta haɗa da ƙyallin jita da na farantan ganga ta share. Wannan shi ya fi ɓata min rai, domin ni na gwammace in ji shuuu ɗin da a dushe min kiɗa. Wasu waƙoƙin shekarun 1960 kuma da mono aka ɗauke su, wato sauti mai hanya ɗaya, daga baya aka raba shi hagu da dama, aka ƙirƙira musu sitiriyon ƙarya.

Mai soka kunnen, duba shekarar da aka buga faifan. Wasu CD na farkon shekarun 1980 an ɗaga musu sautin sama, wato siririn sauti mai kaifi, da gangan, na'urar kunnawa ce ke mayar da shi daidai. Manhajar kwafa ba lallai ta yi hakan ba, sai ka sa ta. In kuma bugun bayan tsakiyar shekarun 1990 ne, lokacin ne aka shiga gasar matse sauti don ya fi ƙara, har ganga ta rasa nauyinta. Wannan ba shi da magani.

Sake kwafa da manhajar Exact Audio Copy, ka bari AccurateRip, tsarin tantance kwafi ta intanet, ya gwada kwafinka da na sauran mutane. In ya dace, kai ka gama naka, aibun daga faifan yake. Waƙar da ta fi shiga ranka, nemi albam ɗinta na asali ka saurara kusa da kusa da na tarin, amma ka daidaita ƙararsu tukuna, don kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ne.