Kada ki tura musu ko sisi, kuma kada ki sako labarin nan tukuna

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarki har sau biyu, raina ya ɓaci, ba da ke ba, da masu imel ɗin nan. Kin ce kin rubuta ƙagaggen labarin kimiyya mai kalmomi wajen 4,000, kin mayar da shi Turanci da kanki, mujallu uku sun dawo miki da shi, sai ga wani kamfani ya aiko yana ta yabonki, wai zai buga in kin biya kuɗin gyara da na bango. Kina tambaya ko ki biya, ko ki haƙura ki sako mana shi nan mu karanta. Na san ciwon nan, da yawa a zauren nan ma sun san shi. Duka biyun kada ki yi.

Mutanen nan sun san lokacin da suke zuwa. Sai marubuci ya sha "ba mu karɓa ba" har zuciyarsa ta yi laushi, sannan su ɓullo da romon baka. Ki koma ki sake duba saƙon nasu da kyau. Sun ambaci sunan jarumar labarinki? Sun faɗi abu guda da ya faru a ciki? Yawanci ba za ki samu ba, sai "basirarki ta burge mu", wanda ko takardar cefane kika tura haka za su ce. Sannan za su saka miki wa'adi, don kada ki samu sukunin tambayar kowa. Kuɗin kuma ba sau ɗaya ake biya ba. Yau na gyara, gobe na bango, jibi na talla, daga ƙarshe a ce ki sayi kwafi kaza na littafinki da kuɗinki. Ba masu karatu ne kasuwarsu ba, ke ce kasuwar, shi ya sa ko kwafi ɗaya ba a sayar ba su dai sun ci ribarsu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne takardar yarjejeniyar. Kuɗi in sun tafi ana iya nemo wasu. Amma akwai layin da suke cusawa a tsakiya, mai cewa kin ba su dukkan haƙƙoƙi, a kowane harshe, ta kowace siga, har tsawon wa'adin haƙƙin mallaka. A dokar Najeriya wa'adin nan rayuwarki ce gaba ɗaya da ƙarin shekara 70 bayan rai ya yi halinsa. Ki duba fa, har asalin Hausar da kika rubuta da hannunki ya shiga ciki. Labarin da kika hana idonki barci a kansa, ba ki da ikon ba gidan rediyo shi, ba ki da ikon saka shi cikin tarin labaranki, ba ki da ikon sayar wa mai fim. Kuma in kin nemi a mayar miki, ko dai a yi miki shiru, ko a sake yanka miki wani kuɗin. Mutum ya zo da ƙuruciyarsa da ɗokinsa, a karɓe masa kuɗi a haɗa da aikin, a bar shi yana jin kunyar faɗa wa kowa. Wallahi zalunci ne, Allah ya isar wa duk wanda aka yi wa. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan.

Marubutan wannan fanni a Amurka suna da ƙa'ida guda da James D. Macdonald ya yaɗa: kuɗi wajen marubuci suke nufa, ba daga wajensa suke fita ba. Akwai kuma shafin Writer Beware, da Victoria Strauss da A. C. Crispin suka kafa a 1998 ƙarƙashin SFWA, ƙungiyar marubutan wannan fanni, aikinsu ke nan, tona asirin irin waɗannan kamfanoni. Ki rubuta sunan kamfanin tare da nasu a Google ki ga abin da zai fito.

Kada wani ya ce to ai mu ma muna biyan maɗaba'a a Kano ko Zariya. Wannan daban. Can aikin ɗab'i kika saya, littattafan naki ne, ki kwashe su a kwali, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ki karɓa da sunanki daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, haƙƙinki bai motsa ba.

Batun sako shi nan kuwa, na san kina son ki ji wani ya ce ya karanta, amma ki daure. Abin da mujalla take saye shi ne haƙƙin bugun farko. Da zarar labari ya hau Facebook ko Wattpad inda kowa zai iya gani, a wajensu an riga an buga shi, kuma gogewa daga baya ba ta gyara komai. Ya koma maimaici, wasu ba sa karɓa sam, masu karɓa kuma senti ɗaya ko biyu na dalar Amurka suke biya kan kalma. Farashin ƙwararru da SFWA ta tsayar a 2019 senti 8 ne kan kowace kalma. Naki mai 4,000 dala 320 ke nan. Kada ki zubar da wannan don "masha Allah" guda talatin. Ki zaɓi mutum biyu ko uku da kika yarda da idonsu, ki tura musu a keɓe.

Kuma don Allah, don mujallu uku sun mayar miki, ba ƙi ba ne. Mujallar Clarkesworld, ta Neil Clarke, tana samun labarai sama da dubu a wata, abin da take bugawa bai kai goma ba. Ba ke kaɗai ake mayar wa ba. Abin dubawa shi ne irin amsar. In layi biyu ne da ake tura wa kowa, ki tura wa ta gaba a ranar, kada ki taɓa labarin. In edita ya ambaci wani abu a ciki, ko ya ce ki sake turo wani, da gaske yake, ba su da lokacin yi wa mutum kara.

Ki duba tsarin takardar ma, don da yawa a nan ake faɗuwa tun kafin a karanta layin farko. Akwai tsarin William Shunn, yana intanet kyauta: harafi mai girman 12, Times New Roman ko Courier, tazara biyu tsakanin layuka, inci ɗaya a kowane gefe, sunanki da imel a sama ta hagu, adadin kalmomi ta dama, kowane shafi da lamba da sunan labari. Wasu mujallun suna so a cire suna gaba ɗaya, to ki bi nasu. Wasiƙar rakiya layi uku ta isa: sunan labari, adadin kalmomi, da cewa fassara ce daga Hausa. Kada ki ba da labarin a cikinta. Kada kuma ki tura wa biyu a lokaci guda sai in dukansu sun rubuta cewa sun yarda, Clarkesworld ba ta yarda ba. Shafin Submission Grinder kyauta ne, zai nuna miki wadda ke buɗe, nawa take biya, kwana nawa take ɗauka kafin amsa.

Wani abin kuma, tunda fassara ce. Kada ki bari manhajar ƙirƙirarriyar basira ta taɓa miki ita, ko da sunan gyaran Turanci. A Fabrairun 2023 sai da Clarkesworld ta rufe karɓar labarai saboda ambaliyar rubutun na'ura, kuma wanda aka kama ana toshe shi ne. Turancinki mai ɗan karkata irin ta Hausa ya fi wancan sumul ɗin da ba shi da mai shi.

Ban ga kin ambaci inda kika tura ba, amma ki fara duba na kusa. Omenana ta nan Najeriya ce, Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa ta a 2014 don irin labaran nan na 'yan Afirka. FIYAH ta fara fita a 2017, ta baƙaƙen marubuta ce. Samovar kuwa, ƙanwar mujallar Strange Horizons, fassara ce aikinta, tana buga asalin harshen tare da Turancin. Ki kwatanta Hausarki a shafi, ga fassarar kusa da ita. Ni wannan nake yi wa marubutanmu kwaɗayi fiye da komai.

Ba ki tambayi karatu ba, amma sai na faɗa, don abin yana damuna. Muna tura wa mujallun da ba mu taɓa buɗewa ba. Yawancinsu kyauta suke a intanet. Ki ɗauki fitowa uku na baya-bayan nan, ki karanta da biro a hannu: a sakin layi na nawa baƙon abu ya fara bayyana, mutum nawa ne a labarin, ina aka tsaya. Za ki ga ba sa ɓata shafi biyu suna bayanin yadda duniya ta lalace, wanda shi ne ciwon labaranmu. Ki koma gida ma. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, ba yau Bahaushe ya fara kai yaro sararin samaniya ba, kada wani ya sa ki ji kamar aro kike yi. Kuma ki bar zaure ya zauna zaure a Turancin, kunu ya zauna kunu, jimlar da ke kewaye ta nuna ma'anar.

Ranar da aka karɓa, in sha Allahu, ga abin da za ki nema a takardar: bugun farko na Turanci kawai, keɓancewa (lokacin da ba za ki ba wani ya buga shi ba) ta watanni ƙididdigaggu, galibi uku zuwa goma sha biyu, ranar biya, da sharaɗin cewa in ba su buga cikin lokaci kaza ba haƙƙi ya dawo hannunki. Haƙƙin fim ya zauna wajenki, na Hausar ma haka, sai in irin Samovar ce mai buga asalin harshen. Ki tambayi hanyar biya kafin ki sa hannu, don PayPal ya daɗe yana wahalar da mutanenmu wajen karɓar kuɗi. Kafin ki sake turawa kuma, ki buɗe fayil ɗin a wata waya ko kwamfuta daban ki duba ƙ da ɗ da ɓ a sunayen mutanenki, don wani salon harafin yana mayar da su akwatuna.