Amsa ga mai tambaya kan aikin sashen ma'aikata a ofishin lauyoyi

'Yar'uwa, kin ce an ɗauke ki aiki a sashen kula da ma'aikata na wani ofishin lauyoyi a Kano, ba ki karanta shari'a ba, kina tambayar ta ina za ki fara. Kwantar da hankalinki, ba za a tura ki kotu ba. Fayil da kalanda su ne aikin.

Fara da fayil ɗin kowane lauya. Ban da takardar ɗaukar aiki da lambar asusun banki da na fansho, dole a samu kwafin takardar shaidar zama lauya da lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli. Sai rasit ɗin kuɗin aikin lauya na shekara, wanda ake biya kafin ƙarshen 31 ga Maris. A nan ake yawan tuntuɓe. Lauya yana can yana zirga-zirgar kotu, ya manta, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe gaban alƙali ya ce wannan bai biya ba, ba shi da hurumin magana. Haka ma hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ake mannawa a takardun kotu, yana da wa'adi. Tun Janairu ki fara bin su ɗaya bayan ɗaya, har manyan ofis, cikin ladabi amma ba sassauci. Kada ki karɓi "na biya" da baki, sai kin ga rasit.

Sai albashi. A fansho ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, ofis ya ƙara kashi 10, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. In aka makara akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 na kuɗin da ba a tura ba a kowane wata. Harajin albashi kuma a kai wa hukumar haraji ta jiha kafin 10 ga watan da ke biye, bayanin shekara kafin ƙarshen Janairu. Ko da akanta ne ke turawa, daga teburinki sunaye ke fita. Wanda ya bar aiki ba ki sanar ba, sai a ci gaba da biyansa.

'Yan bautar ƙasa da ɗaliban makarantar horar da lauyoyi da ke zuwa sanin makamar aiki, ki ware musu fayil daban, domin ba ma'aikatan dindindin ba ne. Amma su ma, har direba da masinja, kowa ya sa hannu a takardar riƙe sirri tun ranar farko, don takardun masu ƙara ta hannunsu suke bi.

Hutu kuwa, kada ki amince wa lauya da ranaku sai kin duba kundin zaman kotu tare da magatakardan ofis. A ranar da ma'aikaci zai tafi, ki karɓi makulli da katin shaida da fayilolin shari'o'in da ke hannunsa, a rufe imel ɗinsa na ofis kafin a tashi.